"Yi haƙuri" ba maganin ƙuna ba ne

A hunturun 2023 na raka wata 'yar'uwata daga wani ƙauye kusa da Bakori zuwa asibiti. Ɗanta mai shekara uku ya kifar da tukunyar kunu a cinyarsa yana jin ɗumi a bakin murhu, kamar yadda yakan faru kowace shekara a ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi. Kafin mu isa an riga an shafa masa ƙwai da man goge baki, alhali ruwa mai sanyi na minti 20 ya kamata a zuba. Wannan kuskuren gida ne.

Na asibiti ya fi ci mini rai. Da safe aka fitar da uwar, mutum biyu suka danne yaron, aka ɓamɓare bandeji a bushe ba tare da an ba shi ko farasitamol ba. "Yi haƙuri, namiji ba ya kuka," shi ne abin da ya samu. A kwana na uku uwar ta goya ɗanta ta gudu gida. Bayan mako guda ciwon ya ruɓe, sai da aka kai shi Shika. An ce ta yi jahilci. Ni dai na ji kukan, ban ga laifinta ba.

Na san ma'aikatan jinya sun yi kaɗan, aiki ya fi ƙarfinsu. Sai dai abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi: a ba da maganin zafi rabin sa'a kafin wanki, a jiƙa bandeji da ruwan gishirin asibiti har ya saki da kansa, a bar uwa ta rungume ɗanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ba yara mofin idan raɗaɗi ya tsananta. Hana maganin tari mai kodin da aka yi a 2018 ya sa wasu tsoron duk wani magani mai ƙarfi, amma mofin da likita ya auna da nauyin yaro don wankin ciwo ba ya mayar da shi ɗan ƙwaya.

Ina kira ga Hukumar Kula da Asibitocin Jihar Katsina da ta wajabta rubuta maganin zafi a katin duk yaron da ya ƙone, ta kuma tanadi maganin kafin sanyi ya shigo a watan Nuwamba.