Sharhi: Wasiƙun Bogi Da Sunan Banki

A shekarun 1990 ta gidan waya da faks 'yan damfarar 419 ke aiko da wasiƙunsu. Yanzu ta imel suke zuwa, ɗauke da tambarin banki ko na PayPal, suna cewa za a rufe asusun ɗan kasuwa cikin sa'o'i 24 muddin bai shiga wani shafi ya sabunta lambarsa ta BVN ba. Wannan gaggawa ita ce ke tona asirinsu, domin babu bankin da ke neman lambar sirrin kati ta imel. Sau da yawa harafi ɗaya tak aka sauya a adireshin mai aikowa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci, amma kuɗin da suka fita da wuya su dawo. Gara ɗan kasuwa ya buga lambar wayar da ke bayan katinsa kafin ya taɓa komai.