Ɗan Gilashin Da Ke Faɗa Maka Harshen Da Kake Bugawa

Duk wanda ya zauna gaban kilabiye irin na Faransa yana son buga Hausa ya san inda gizo ke saƙa: babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ. Magabatanmu a ma'aikatu sukan buga k da mashin, sa'an nan su bi da alƙalami su yi mata lanƙwasa. Yau kuwa mai ƙwazo yana iya zana allon lantarkin kilabiyensa da kansa a KiCad, manhajar kyauta da wani malami a Garenobul, Jean-Pierre Charras, ya fara a 1992. Da manhajar QMK sai ya yi masa hawa biyu, ɗaya na Faransanci, ɗaya na Hausa, inda q za ta ba da ƙ, v ta ba da ɓ.

Amma hannu ba ya tuna hawan da yake kai. Ni mai aikin fassara na taɓa miƙa wa shugabana takarda da "Républiƙue" a kanta. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Don haka nake ganin duk mai zana irin wannan allo ya ware wurin ɗan gilashi mai haske, irin wanda ake kira OLED, tun a zanen farko. Ƙarami ne, ɗigo 128 a tsawo, 32 a faɗi, ƙafafunsa huɗu kacal: biyu na wuta, biyu na saƙo. Sai dai waɗannan biyun na saƙo wurinsu sananne ne a jikin Pro Micro, wato ƙafa ta 2 da ta 3. Wanda ya riga ya ba madannai su, in ya tuna da gilashi daga baya, sai ya sake zane, ya sake biyan kuɗin bugu da na jirgi.

Wasu za su ce ado ne. Suna da gaskiya in mage mai kiɗa za a sa ta yi ta rawa a ciki, kamar yadda samari ke yi. Ƙwaƙwalwar Pro Micro kilobayit 32 ce, zanen rawa kuwa ci gare shi. Ni layi ɗaya nake nema: HAUSA ko FARANSANCI. Fitila ɗaya ma tana iya wannan aiki, amma ranar da aka ƙara hawan Zarma ko na Tamajak, wa zai haddace launuka?

Abu guda ya ba ni haushi. Baƙaƙen da QMK ke zuwa da su don gilashin ba su san ƙ ba su ma. Dole na zauna na zana ta da ɗigo, shida a faɗi, takwas a tsaye, kuma lanƙwasar ɗ sai a zane na uku ta daina kama da d.