Sukarin da Muke Sha a Kofi



Ya 'yan uwana matasa, wata 'yar magana ce da tela ya yaɓa mini ta sa na zauna yin wannan rubutu. Tun cikin watan Sha'aban ya auna ni, na koma karɓar ɗinkin sallah a goman ƙarshe na Ramadan, sai kaftanin ya ɗame ni a ciki. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Malam, anya da kai aka yi azumin nan kuwa?" Na yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida.

Da farko tuwo na zarga. Da na zauna na yi lissafin gaskiya, sai na tarar ɓarawon a kofi yake. Da buɗa baki, kunun tsamiya da sukari cokali 4. Bayan magariba, lemon kwalba mai sanyi. Bayan asham, shayi mai ƙwaya 4 a wurin mai shayin unguwarmu. Da sahur, koko da cokali 3. Zoɓo ma ban sa shi a lissafi ba.

Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4 na sukari. Kwalbar Coca-Cola mai santilita 35 tana ɗauke da wajen giram 37, wato kusan cokali 9, kuma a numfashi uku muke shanye ta. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, kimanin cokali 12 ke nan ga baligi, in ma so samu ne ya tsaya a cokali 6. Ni kuwa, mai azumi, wajen 20 nake zubawa tsakanin magariba da asuba.

Illar tana cikin yadda jiki ke karɓarsa. Wanda ya sha rake sai ya fere, ya tauna, ya tofar da tuƙa, muƙamuƙinsa ya gaji kafin ya wuce gona da iri. Farin sukari kuwa an raba shi da komai, in ya narke a ruwa ba ya ƙosarwa, sai mutum ya sha shi kuma ya ci abincinsa cif. Rabinsa gulukos ne, wanda ke shiga jini da sauri, jiki ya saki sinadarin insulin don ya kwashe shi. Ɗaya rabin furuktos ne, hanta ce ke sarrafa shi, in ya yi mata yawa ta mayar da wani kaso kitse. Ƙiba, musamman ta tumbi, tana sa jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, kuma ta wannan ƙofa ciwon sukari nau'i na biyu ya fi shigowa. Ruɓewar haƙori kuwa ba ta jiran tsufa.

Mu kuma a al'adarmu, wanda ya ajiye tumbi shi ake ce wa hutu ya zauna masa. Baƙo in ba a dire masa lemo ba, sai a ga kamar an raina shi. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da Najeriya ta fara karɓa a 2022 bai taɓa wannan tunani ba.

Ban ce sukari haramun ba ne, ni ba mai fatawa ba ne. Abin da nake gani shi ne mun iya tambayar ko abu halal ne, amma ba mu saba tambayar nawa ya kamata ba, alhali aya ta 31 a Suratul A'araf da ta halatta ci da sha ita ce ta hana wuce iyaka a cikinsu. Sunnar buɗa baki ma dabino ne, in babu a kurɓi ruwa. Kada kuma wani ya fake da zuma ko mazarƙwaila: zuma tana da falalarta, amma a wancan lissafi na Hukumar Lafiya su ma sukari ne.

Bayan sallah na soma da abin da zan iya. Lemo sai ranar Juma'a, kunu cokali 1. Makon farko komai salam nake jinsa, a na uku harshe ya saba, har na fara jin ɗanɗanon gero da tsamiyar da dā zaƙi ke binnewa. Ranar da na ce wa mai shayi ƙwaya ɗaya ta ishe ni, ya tsaya da buta a hannu ya ce, "Yallaɓai, lafiya dai? Ko likita ne ya hana?" Na ce masa a'a, tela ne.