Na'urar Da Babu Ita, Da Jerin Da Ba A San Tsawonsa Ba

Akwai wata dabara a ilmin kwamfuta wadda ta cancanci matasanmu su san ta, watau sa kwamfuta ta kwaikwayi wata na'ura dabam har manhajar da aka ɗora a kai ta zaci a kan ƙarfe na gaske take aiki. Mafi shahara cikin manhajojin da ke wannan aiki ita ce QEMU, wadda wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ya fito da ita cikin 2003, kuma kyauta ake samun ta. A kanta aka gina wayar kwaikwayo ta Android da masu rubuta manhajojin waya ke gwaji da ita. Ɗalibin Jami'ar Jos wanda ba shi da kuɗin sayo allon lantarki daga Ingila yana iya kafa irinsa cikin kwamfutarsa, ya gwada, ya ɓata, ya sake, ba tare da ya ƙona ko waya ɗaya ba.

To, kowace na'urar kwaikwayo tana da sifofi waɗanda ake cike mata kafin a tashe ta, kamar lambarta da girman ma'ajiyarta. Muddin sifa ɗaya amsa ɗaya take nema, aiki ya zo da sauƙi. Wahala tana farawa ne idan amsar jeri ce, kuma ba a san tsawon jerin ba sai an zo haɗa inji.

Wanda ya taɓa shiga kasuwar Farin Gada a nan Jos lokacin da ake lodi zai gane matsalar nan da nan. Mota ɗaya ta ɗauki tumatir zalla zuwa Fatakwal. Wata kuwa ta haɗa kabeji da karas da tattasai da dankalin Turawa na Bokkos, kowane da mai shi. A ce an buga takardar lodi mai layi goma kacal. Mai tumatir zai bar layi tara ba kome, mai kaya iri goma sha biyu kuwa ya rasa inda zai rubuta sauran biyun. Bugu da ƙari, wanda ya karɓi takardar a can Kudu ba zai san ko layin da aka bari babu kaya ne ko mantawa aka yi ba.

Irin wannan ce ta sami masu QEMU sa'ad da suke kwaikwayon wani allo na kamfanin ARM mai suna Versatile Express. Allon yana da uwa, ana kuma ɗora mata ƙaramin allo mai ɗauke da ƙwaƙwalwar inji. Na'ura ɗaya ce a jikin uwar ke ba da labarin ƙarfin wutar da ke yawo cikin ƙaramin allon, amma fa ƙaramin allo na Cortex-A9 yana da ma'aunin wuta 6, na Cortex-A15 kuwa 1 tak. Cikin 2013 Peter Maydell na ƙungiyar Linaro ya kawo mafita. Ya shirya cewa a fara gaya wa na'ura adadi ta wata sifa mai farawa da "len-", gutsuren kalmar Turanci mai nufin tsawo. Da zarar an faɗi adadin, sai na'urar ta buɗe gurabe daidai da shi, na sifiri, na ɗaya, na biyu, har ƙarshe, don masu kwamfuta daga sifiri suke fara ƙirga. Ba a kuma yarda a faɗi adadi sau biyu ba. Kamar dai malamin lodi ne da farar takarda: direba ya ce masa kaya iri shida ne, shi kuma ya ja layi shida, sa'an nan a fara rubutu.

A ganina dabara ce mai kyau a zamaninta, domin ba ta bukaci a rushe kome ba, an yi ta da kayan aikin da ke hannu. Sai dai ta zo da wani sharaɗi: lalle adadi ya riga kaya isowa. Gurbin da ba a buɗe ba, ba a zuba masa kome. Muddin mai haɗa injin yana bin wannan tsari, ba wanda zai lura akwai sharaɗi ma.

Haka aka tafi shekara takwas. Cikin 2021 aka sake hanyar da QEMU ke karɓar umurni daga mai amfani da ita, don ta iya karɓar bayani cikin tsarin rubutu da ake kira JSON, aka kuma fitar da wannan canji a fitowa ta 6.2 a watan Disamba. Tsohuwar hanya tana riƙe sifofi bi da bi yadda aka rubuta su. Sabuwar kuwa tana zuba su cikin wata ma'ajiya wadda ba ruwanta da wa ya riga wa. Watau an sami sabon malamin lodi mai tara takardu cikin jaka, ya sa hannu ya zaro wadda ta zo. In takardar kabeji ta fito kafin takardar adadi, sai ya ce shi bai san da wani layi na kabeji ba, a koma.

Allunan ARM ba su ji a jikinsu ba, domin su daga cikin manhajar ake cike musu sifofi, kuma a can har zuwa lokacin adadi ne ke gaba. Wadda abin ya faɗa wa ita ce wata na'ura mai suna rocker, mai kwaikwayon akwatin da ke rarraba layukan sadarwa tsakanin kwamfutoci. Tana iya ɗaukar kafar waya har 62, kuma mai amfani ne da kansa ke faɗin nawa yake so da abin da za a haɗa da kowace kafa. Mutum ya rubuta umurninsa daidai yadda ya saba, QEMU ta ƙi. Abin lura a nan shi ne ba wanda ya yi ganganci. Aikin 2013 daidai yake a kan kansa, na 2021 ma haka, sai da suka haɗu ɓarna ta fito.

Ana iya yin faci, a ce wa sabon malami ya riƙa lalubo takardar adadi tukuna. Kevin Wolf na kamfanin Red Hat ya bi ta tushe. A gyaran da ya shiga fitowa ta 8.2 cikin Disamba 2023, an kawar da sifar adadi daga idon mai amfani ɗungum. Yanzu jeri sifa ɗaya ce, ana miƙa shi gaba ɗaya a dunƙule, na'ura ta ƙirga abin da ke ciki ta san tsawonsa da kanta. Direba ya kawo takarda ɗaya mai ɗauke da dukan kayansa, ba sauran zancen wace ta riga fitowa daga jaka. Ni dai na fi gamsuwa da wannan, domin inda ake faɗin adadi dabam kaya dabam, wata rana sai an ce shida a kawo biyar.

Amma gyaran bai zo a banza ba. Sai da aka bi allunan da ke amfani da tsohuwar hanya ɗaya bayan ɗaya aka sake musu rubutu kafin a cire ta. Waɗanda kuma suka tanadi umurninsu na rocker tun da, dole su sake shi cikin JSON. Saboda haka ɗalibin da ya ci karo da tsohon bayani mai cewa ya rubuta "len-ports" ya fara duba lambar QEMU da ke kwamfutarsa. In 8.2 ce ko wadda ta biyo bayanta, wannan kalma ba ta da gurbi, sai ya jera sunayen kafofinsa duka a ƙarƙashin "ports" ya miƙa su lokaci ɗaya.