Kafin Amarya Ta Hau Jirgi

In aka ce yarinya ta sami miji a ƙasar waje, abin da yakan zo wa mutane a rai shi ne birni, da gidan bene, da mota. Ba safai akan tuna cewa kowace ƙasa tana da ƙauyuka ba, kuma manoman can su ma suna neman matan aure. Ra'ayina shi ne, zaman ƙauye a wata ƙasa ba abin kunya ba ne, yana iya zama alheri ƙwarai. Amma sai yarinyar ta san tun daga gida cewa ƙauye za ta, ta kuma yi shirin da ya dace da shi. Labarin Koriya ta Kudu ya isa ya koya mana wannan.

Daga shekarun 1960 masana'antu suka yi ta bunƙasa a ƙasar. Samari da 'yan mata suka bar gonaki suka nufi birane kamar Seoul da Busan. 'Yan matan da suka tafi ba su yarda su koma su auri manomi ba. Aka bar maza a ƙauye suna noma, suna kula da tsofaffin iyayensu, har shekaru suka ja musu babu mata. Daga shekarun 1990 sai suka fara auro mata daga Sin da Filifin, daga baya kuma daga Biyetnam da Kambodiya. A shekara ta 2006, cikin manoma da masunta goma da suka yi aure a ƙasar, wajen huɗu baƙuwa suka aura.

Yawancin wannan aure dillalai ne suka haɗa shi. Mutum yakan biya kuɗi, a kai shi Biyetnam na 'yan kwanaki, a nuna masa 'yan mata, ya zaɓi ɗaya, a ɗaura aure kafin mako ya cika. Yarinyar ta ga biranen Koriya a talabijin, ta ɗauka can za ta. Da ta sauka sai a wuce da ita ƙauye, gidan miji wanda sau da yawa ya girme ta da shekara goma ko fiye, ga uwar miji a gida, ga harshen da ba ta ji ko kalma ɗaya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Aure da yawa ya mutu, wasu matan sun sha duka, wasu ma sun rasa rayukansu.

Abin ya kai har gwamnatoci suka sa hannu. Tun 1990 Filifin ta kafa dokar hana sana'ar haɗa 'yan matanta da baƙi don kuɗi, kuma ta wajabta wa mai bin miji waje ta halarci zaman shawara kafin ta tashi. A 2008 Kambodiya ta dakatar da auren baƙi na wani lokaci. A wannan shekara kuma Koriya ta yi dokar taimakon irin waɗannan iyalai, daga baya aka buɗe cibiyoyi fiye da 200 inda ake koya wa matan harshe da al'adun ƙasar. A 2014 aka ƙara sharaɗi cewa kafin a ba amarya biza, sai an ga ita da mijin suna iya fahimtar juna da baki, kuma mijin yana samun abin da zai riƙe gida. Ku lura, duk waɗannan dokoki abu ɗaya suke faɗi: wahalar ta fi yawa inda aka yi tafiya babu shiri.

To, wane shiri ya kamata? Na farko, harshe. A birni mutum yana iya samun 'yan ƙasarsu ya yi hira. A ƙauye kuwa maƙwabta, da mai kanti, da ma'aikaciyar asibiti, duk harshen garin suke yi. Macen da ba ta ji ba za ta iya faɗin abin da ke damun ɗanta ba, ba za ta iya kai ƙara in an zalunce ta ba. Wata shida na koyon gaisuwa, da ƙirga, da sunayen abinci da kayan gona kafin tafiya ya fi akwati biyu na zannuwa amfani.

Na biyu, ta tambayi irin aikin da yanayin wurin. A Koriya ana dashen shinkafa a watan Mayu zuwa Yuni, a girbe a Oktoba. Da bazararsu ana tsinkar barkono a shanya. A Nuwamba mata sukan taru su gyara kabeji mai yawa da gishiri da barkono da tafarnuwa, su adana abin da ake kira kimchi don cin gida har sanyi ya wuce. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa yakan daskare, ƙanƙara ta rufe gona, amma aiki ba ya tsayawa, don ana noman kayan lambu cikin rumfunan leda. Gonakin ba su da girma, yawanci kadada ɗaya da rabi ne ko ƙasa da haka, saboda haka hannun matar gida yana cikin lissafin aikin. Wadda ta san wannan tun farko ba za ta ce an yaudare ta ba.

Na uku, a binciki mijin da gidansu kamar yadda muke yi in za a ba da 'ya a garin da ke kusa. Shekarunsa nawa? Ya taɓa aure? Da wa za ta zauna? Yana da lafiya? Nisan ƙasa bai kamata ya sa iyaye su yar da wannan al'ada ba. A nemi wani amintacce da ke zaune can ya je ya gani da idonsa. In mai neman auren yana gaggawa, yana ƙin amsa tambaya, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. A Nijeriya akwai hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane, kuma alkawarin aure yana cikin tarkon da masu wannan mugun ciniki sukan kafa.

Na huɗu, takardu. Fasfo da takardar aure su kasance a hannun ita yarinyar. Ta san inda ofishin jakadancin ƙasarta yake, ta san ko dokar ƙasar ta ba ta damar zama in auren ya lalace.

Wani zai ce, in haka ne me ya sa ba za a hana tafiyar gaba ɗaya ba? Amsa ita ce, akwai mata da yawa da suka zauna lafiya a ƙauyukan Koriya. Sun koyi harshe, sun shiga horon noma da ƙungiyar manoma ta Nonghyup ta shirya wa matan da suka zo ta hanyar aure, sun haifi 'ya'yan da suka cika makarantun da suka kusa rufewa saboda rashin yara. Yarinyar da ta tashi a ƙauye ta riga ta san shuka da kiwo da tattalin hatsi da zama da surukai. Wannan jari ne babba, kada ta raina shi.

Saboda haka, 'yata, in an zo neman aurenki daga nesa, ko ƙetaren teku ne ko ƙetaren iyaka zuwa Nijar ko Kamaru, fara da tambayar sunan ƙauyen, da abin da ake nomawa, da harshen da ake yi. Ku kuma iyaye, kada ku sa ranar biki sai kun sami amsar waɗannan tambayoyi.