Kwas Ɗin Ƙera Firam Ɗin Keke Ba Zai Mayar Da Kuɗinsa A Lafiya Ba

LAFIYA — A Ingila da Amurka akan biya kuɗi masu tsoka a shiga kwas na mako ɗaya ko biyu, a koyi yanka bututun ƙarfe da haɗa firam ɗin keke. Can akwai masu hali da ke sayen keken da aka ƙera da hannu. A Lafiya babu wannan kasuwa.

Manomin da ke ɗauko doya ko riɗi daga ƙauye, Phoenix ɗin ƙasar Sin yake saye, kuma babu maƙerin da zai haɗa firam ɗaya a kan farashin masana'antar da ke fitar da dubbai. Ko masana'antar Raleigh ta Kano, wadda ta yi tashe a shekarun 1970, ta durƙushe.

Abin da ke kawo kuɗi a nan shi ne walda: ɗinke firam ɗin da ya tsage, ƙarfafa kariya don ɗaukar buhu, haɗa kurar ruwa. Wannan kuwa aiki ne da hannu ba ya faɗawa cikin mako biyu. Koyo a gaban maigida, irin tsarin da hukumar NDE ta shimfiɗa tun 1987, ya fi dacewa. Gara mai ƙaramin jari ya zuba kuɗin kwas a injin walda da janareto, tun da wutar lantarki ba ta da tabbas.