A cikin yaran, a bar ɗaya ya koyi inji

Yau maganata da iyaye ce, musamman wanda ɗansa ya samu BEPC yana shirin cire shi daga lakwal ya zaunar da shi a shago.

Ku dubi abin da ke riƙe da cinikinmu a Wagadugu yanzu: injin niƙa, firij na ƙanƙara, famfon rijiyar burtsatse, janareto, farantan hasken rana. Yawancinsu ƙarfe ne mai juyawa da waya mai ɗauke da wuta. In SONABEL ta ɗauke wuta a watan Afrilu, janareton Alhaji ya ƙi tashi, wa ake nema? Mai gyara. Kuma abin da ya yanka shi za a biya, don kifi na narkewa.

Karatun da ke haɗa lantarki da kanikanci wuri ɗaya shi ne wanda ake kira elektoromekanik. Yaro zai koyi karanta zanen waya, naɗa mota in ta ƙone, da gano cutar inji da awo maimakon lalube. Bayan BEPC, shekara 2 ake yi a samu BEP. Mai ƙoƙari ya wuce zuwa bak na sana'a, sannan shekara 2 ya samu BTS. Akwai makarantar fasaha ta Sangoulé Lamizana a nan cikin gari, akwai kuma cibiyar koyon sana'a ta Ziniyare, wajen kilomita 35 daga nan.

Na san abin da za a ce: "Mu da kakanninmu fatauci muka gada." Haka ne. Amma a shekarar 2003 gobara ta cinye kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A wannan lokacin aka rushe Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa, saboda shirin ZACA. Haja ta ƙone, shago ya rushe, amma mai sana'a a hannu ya tashi da abarsa. Ga kuma tashar hasken rana ta Zagtouli, maƙwabciyarmu nan Zongo, da aka buɗe a 2017 mai ƙarfin megawat 33. Irin waɗannan wurare hannun da ya san waya suke nema.

Kafin ka biya ko dala, je ka da ƙafarka. Ka ce a nuna maka ɗakin aiki. In allo da alli kawai ka gani, ka juya. Ka tambaya ko gwamnati ta yarda da takardarsu, kuma ko suna tura yara koyon aiki a kamfani. Ke ma Hajiya, in 'yar ce mai kan lissafi, kada a hana ta.

Sauran yara su riƙe shago. Ranar da kuka fara sayo famfo da batir daga Lome, ɗan da ya karanta shi zai bambance muku na ƙwarai da jabu, shi zai girka wa mai saye. Allah Ya yi wa zuri'a albarka.